Kifi Biyu a Kular Mista Roja

Tun ranar da Anti Ladi ta ga hotona a waya sanye da wandon roba har ƙirji, ban ƙara samun sakat a coci ba. Ana tashi daga sujada sai a tare ni a bakin ƙofa. Ishaku, wai da gaske ne Turawa kama kifi suke yi su sake? Ishaku, ina tsarabarmu? Har suna wasu suka laƙaba mini, wai Sarkin Ruwan Greensboro, garin nan da muke zaune. Ni kuma ina ta ba ku na ban dariyar, yadda na maƙale ƙugiya a bishiya, yadda na sha ruwa. To yau zan faɗa muku duka, har da wanda na ɓoye, don ya ishe ni a ciki. Mai zagi ya zaga, na riga shi.

Sai na fara da abin da ke wuyana a lokacin, in ba haka ba ba za ku gane tsorona ba. Shekara shida ke nan matata Saratu tana Yauri, ita da 'yarmu Rahila da na bari tana rarrafe, yanzu har tana karanta saƙona a waya da kanta. Katin zama ina da shi, amma layin kawo iyali da shi ba ya motsi. Lauyata ta ce in na zama ɗan ƙasa abin zai yi sauri, kuma an sa mini ranar intabiyu, ranar da muka je ruwan saura sati uku. Mace ce 'yar guntuwa, ba ta dariya. Ta nuna ni da biro ta ce daga ranar har a gama, kada sunana ya hau wata takardar hukuma, ko da ta gudun mota ce. Ta ƙara da cewa tsohon da na gayyato ma in sa masa ido, tunda da adireshina ya shigo ƙasar. Ko haka dokar take, ko tsoratar da ni kawai take yi, oho, ni dai maganar ta zauna mini daram. A titin Wendover har hon ake yi mini saboda rarrafen da nake yi da mota.

Tsohon da take nufi Baba ne. Watansa biyu ke nan a wurina, an cire masa yanar ido ɗaya, ana jiran ɗayan. Mutumin da ya yi shekara hamsin yana su a kogin Kwara da taru da birgi da mali, wanda in ya kalli fuskar ruwa zai gaya maka ko giwan ruwa ne a ƙasa ko tarwaɗa, shi aka ajiye a hawa na biyu a titin Gate City Boulevard yana kallon motoci ta taga. Kullum na dawo aiki tambayarsa ɗaya ce, wai garin nan ko kududdufi ba su da shi ne? Yana ramewa ina gani, abin yana ci mini rai.

A siton da nake aiki akwai wani Bature, Mista Roja, dogo siriri mai farin gemu, shi ke tuƙa motar ɗaga kaya. In an fita cin abinci, maimakon ya huta sai ya buɗe ɗan akwati ya hau ɗaure gashin tsuntsu da zare a jikin wata mitsitsiyar ƙugiya, har abin ya koma kamar ƙuda ko ƙaramar fara. Ran nan na kasa haƙuri na tambaye shi. Ya ce da shi ake kama wani kifin ruwan sanyi na kan duwatsu, tiraut sunansa. Kun dai san bakina. Na ce masa ni ɗan masunci ne jikan masunci, kuma duk kifin da zai bar tana ya ci gashin kaza, to a duba lafiyar kansa. Bai ji haushi ba. Ashe duk Asabar shi ke koya wa sababbin shiga a wata ƙungiyarsu ta masu kamun kifi, fiye da shekara goma yana yi, kuma ba shi da abin taƙama a duniya kamar wannan. Ya ce in zo gidansa a unguwar Glenwood in gwada, in ya so daga baya in ci gaba da zagin kifin.

Asabar uku na yi ina jifa a kan ciyawar bayan gidansa, ba ruwa ba kifi, ɗaliban jami'a suna wucewa a keke suna kallon ƙato yana dukan iska. A gida dalma muke ɗaurawa, nauyinta ke jan zare. A nan ƙudan ba shi da nauyin komai, igiyar ce mai nauyi, ita za ka wulla ta ja shi. Ka ɗaga sanda ka tura igiyar baya, ka dakata ta miƙe, sannan ka turo ta gaba a hankali. Dakatawar nan ita ta gagare ni. Hannuna jifan birgi ya sani, da ƙugu da kafaɗa da duk jiki, sai igiyar ta yi ƙara kamar bulala, ƙudan ya tsinke ya ɓace a ciyawa. Mista Roja ya ce ba doki nake duka ba, in bar sandar ta yi aikinta. Ranar ƙarshe na kama hular kaina, ya zo ya zare ƙugiyar cikin sauƙi, ya nuna mini dalilin da ya sa ake danne ƙayarta da filaya: ta fita ba wahala, ko daga bakin kifi ko daga kunnen ɗan koyo. Ya ce yanzu na isa zuwa ruwa, kuma in taho da tsohona ya sha iska.

Lasin kamun kifi ta waya na saya, na duba sunana sau uku. Baba ban saya masa ba, don mun yi da shi ɗan kallo ne kawai.

Ranar Juma'a da yamma cikin Nuwamba muka kama hanya a a-kori-kurar Mista Roja. Baba a gaba, ni a matse a baya da kular dafa-duka da kwalbar yaji. Tun kafin mu wuce Winston-Salem Baba ya ciro fasfonsa ya riƙe a hannu, yana jiran shingen 'yan sanda. Muka yi awa guda, muka yi awa biyu, ba shinge ba wanda ya ɗaga mana hannu. Can ya ce in tambayi Baturen, ƙasar da ba a tsayar da kowa a hanya, ta ina suke kama masu laifi? Mista Roja ya yi dariya ya ce a inda za su ake jiransu. Ni dai ban yi dariya ba. Da hanya ta fara hawa dutse kunnen Baba ya toshe, ya ɗauka ciwo ne ya taso masa, sai da aka ba shi cingam ya tauna.

Abin mamaki, su biyun nan jininsu ya haɗu tun a mota. Ba Hausa ba Turanci, amma masunta ne. Baba ya buɗe hannu ya nuna girman giwan ruwan da ya taɓa kamawa, Mista Roja ya saki sitiyari ya nuna nasa, ni ina tsakiya ina fassara ina roƙon a riƙe mota. Kafin mu isa Baba ya daina ce masa Bature, ya koma ce masa mai ruwa.

Masaukinmu wani ɗakin katako ne na surukin Mista Roja, kana jin ƙarar kogi daga ciki. Gado ɗaya ne, ya bar wa Baba, shi ya kwana a doguwar kujera ƙafafunsa na lilo, ni a ƙasa. Da safe shi ya shiga kicin da kansa ya yi mana wani burodi mai laushi da ya kwarara wa farar miya, in ka gan ta sai ka ce kunun gyaɗa, amma gishiri ne da nama a ciki. Baba ya kalle ta ya kalle ni, ya zazzaga yaji ya cinye tas don kada a ji kunya. Mista Roja ya lashi yajin, ya yi tari har da hawaye. Muna wanke kwanoni Baba ya ja ni gefe ya ce mutumin nan ya ba shi gadonsa, ya ciyar da mu, me muka kawo masa? Na ce a nan ba a damu da wannan ba. Ya yi mini wani kallo.

Iyakar da Baba ke ta jira sai a bakin kogi muka same ta, kuma ba shinge ba soja. Wani ɗan allo ne baƙi da fari a manne jikin bishiya. Mista Roja ya tsayar da mu a gabansa kamar 'yan aji. Ya ce wannan ruwan gwamnati ce ke kiwon kifi a wani wuri ta kawo a mota ta zuba, kuma daga Oktoba har farkon Yuni duk wanda ya kama dole ya mayar da rai. Ba tana, ba wani abinci, ƙugiya ɗaya tak. In aka same ka da kifi ko da guda ɗaya ne, takarda ce da kotu. Ya ce in gaya wa Baba.

Ga inda na fara kuskure. Yaya zan tsaya a gaban Baba in ce masa an hana ka, in ka yi za a kai ka gaban alƙali? Mutumin da ya koya mini riƙe filafili? Nauyinsa ya kama ni, sai na rage maganar. Na ce, Baba, su a nan in sun kama sakewa suke yi, al'adarsu ce. Ya ce al'adar masu ƙoshi ke nan. Ya nemi wani faffaɗan dutse a rana ya zauna, ya lulluɓa da bargo.

Kogin bai kai faɗin titin unguwarmu ba, ruwan garau kana ganin tsakuwa, ga sanyi kamar an fito da shi daga firij. Ko ta cikin wandon robar sai da ya ratsa ni har ƙashi. Mista Roja ya ce kifin kullum sama yake fuskanta yana jiran abin da ruwa zai kawo masa, don haka ta bayansa ake zuwa. Ka jefa sama, ka bar ƙudan ya gangaro da tafiyar ruwa, kada ka ja, in ka ja kifin ya gane ƙarya ce. Akwai ɗan jan ulu a jikin zaren, in ya nutse ka ɗaga sanda. Ya nuna mini inda ruwa mai gudu ya haɗu da mai kwanciya, ya ce nan suke zama. Na waiga, ashe Baba tuni yake nuna wurin da haɓa daga kan dutsensa, ba wanda ya gaya masa.

A gaban idonmu Mista Roja ya kama biyar, ya saki biyar. Ni kuwa bishiya na kama sau biyu, na uku na naɗe zaren a wuyana. Hannuna ya ƙage, na fara zagin kaina da wanda ya kawo ni. Sai kawai ulun ya nutse. Na ɗaga, sandar ta lanƙwashe tana rawa. Ban san lokacin da na fara kiran sunan Ubangiji ba. Da ƙyar na jawo shi Mista Roja ya tare da 'yar komarsa. Bai fi tafin hannu da rabi ba, amma kyakkyawa ne, jikinsa ɗigo-ɗigo, ga wani jan layi a gefe. Na kai hannu zan damƙe shi irin na gida, ya ce a'a, in jiƙa hannuna tukuna, busasshen hannu yana goge masa santsin da ke kare shi. Ya sa na riƙe shi a cikin ruwa, kansa na fuskantar sama, har ya dawo hayyacinsa ya fizge ya tafi. Gaskiya na ji daɗin da ban zata ba, har na yi ihu. Na juya in ga ko Baba ya gani. Ya gani, kai kawai yake girgizawa.

Daga nan muka yi sama, muka sha kwana, muka bar shi a kan dutsensa. Mun fi awa guda a can. Daɗi ya ɗebe ni na manta da sandar dogarawa da Mista Roja ya ba ni, na taka wani dutse mai gansakuka, sai ga ni a kwance, ruwa ya cika wandon robar yana jana ƙasa. Mista Roja ya cafko ni ta igiyar kafaɗa ya tsayar. Ya ce in yi maza in koma mota in sake kaya kafin sanyi ya kama ni, zai tattara sandunan ya biyo ni.

Na iso ina kakkarwa, ban ga Baba a kan dutse ba. Yana bayan mota a tsaye cikin bargonsa, fuskarsa tana wani haske da rabon da in gani tun ranar da na ɗauko shi a filin jirgi. Ya buɗe bargon kaɗan, hannun rigarsa a jiƙe har kafaɗa, wandonsa har cinya. Ya yafito ni, ya ɗaga murfin shuɗiyar kular Mista Roja. A kan ƙanƙara da gwangwanayen lemo ga kifi biyu a nannaɗe cikin ganye, kowanne ya kusa kamu ɗaya, matattu. Da hannu ya zaƙulo su daga ƙarƙashin saiwoyin gaɓa, tsoho mai ido ɗaya da rabi.

Ku 'yan tudu ba lallai ku san wannan ba. A wajenmu in baƙon masunci ya sauka a ruwan wani gari, manyan kifin da ya fara kamawa na mai masaukinsa ne. Kuma ba a miƙa masa a hannu, a kwandonsa ake sa masa ya tarar, don kada a ɗora masa nauyin godiya. Abin da Baba ya yi ke nan, daidai yadda ubansa ya koya masa.

"Baba, ka kashe ni," na ce.

"Mutum ya ba ni gadonsa," in ji shi, "ina kallo ya kama biyar ya zubar. Ya koma wa matarsa hannu Rabbana muna tare da shi?"

Sai a lokacin na gaya masa abin da ya kamata in faɗa tun a gaban allon, cewa doka ce, akwai takarda, akwai kotu. Na kai hannu zan kwashe su in cilla cikin daji. Ya ɗora tafinsa a kan murfin ya danne.

"Ba naka ba ne. Kuma ba a gabana za a zubar da abinci a daji ba. Tunda doka ce, me ya sa ka ce mini al'ada?"

Muryoyi muka ji daga gangaren kogi. Mista Roja ne yake hawowa, tare da wani mutum cikin kaki, da bindiga a ƙugu, suna hira suna dariya. Ma'aikacin gandun daji ne, masu duba masu kamun kifi. Sai a sannan na lura da motarsa a fake can ƙarƙashin bishiyoyi. Baba ya ja bargonsa ya rufe jiki.

Ashe sun san juna, da suna ma yake kiransa, wai Mista Roja ne ya koya wa ƙaninsa jifa. Ya gaishe ni da fara'a ya nemi lasin. Na miƙa masa wayar, ya ga na jiƙe sharkaf, ya ce lallai na sha sanyi. Ya duba ƙudan da ke jikin zarena, ya ga ƙugiya ɗaya ce kuma an danne ƙayar, ya ce malamina ya iya koyarwa. Ya tambaye ni wannan tsohon fa, na ce mahaifina ne, kallo ya zo. Ya ɗaga masa hannu, Baba ya rusunar da kai. Shi ke nan, ya yi mana fatan alheri, ya juya. Har ya yi taku huɗu ko biyar, har na fara jin numfashina yana dawowa. Sai Mista Roja, don kirkinsa, ya kira shi ya ce ya tsaya ya ɗauki lemo mai sanyi. Ya taka ya buɗe kular da hannunsa.

Mista Roja yana riƙe da murfin, ya kasa rufewa ya kasa saki. Ma'aikacin ya dawo ya leƙa, fara'ar nan ta ɗauke daga fuskarsa. Ya tambaya a hankali, na wane ne.

Baba bai ji Turancin ba amma ya gane tambayar. Ya gyara tsayuwa, ya dube ni, ya yi magana a nitse yadda dattijo ke yi ta bakin tafinta.

"Gaya masa ni na kama, da hannuna, ni na sa a ciki. Na mai ruwa ne, shi bai sani ba. In akwai hukunci a yi mini."

Ma'aikacin ya juyo ya ce me tsohon yake cewa. A nan wurin ba wanda ke jin harsunan biyu sai ni. Biron lauyata na gani, da adireshina a kan takarda, da Saratu, da Rahila tana ƙara wasu shekarun ba uba. Bakina ya buɗe da kansa.

"Ya ce sanyi yake ji, yana so ya shiga mota."

Mista Roja ya dube ni. Ya sauke ido ƙasa, inda ruwa ke ɗiga daga ƙarƙashin bargon Baba yana taruwa a gefen takalminsa. Ya sake dubana. Duk sito an san ina jiran intabiyu, shi ma ya sani. Ya ajiye murfin.

"Nawa ne," in ji shi.

Ya ce sun haɗiye ƙugiya ne har ciki suka mutu, shi kuma ya kasa jefar da su. Ma'aikacin ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, kai Roja, kai da kake koya wa mutane? Mutumin ya tafi motarsa ya yi ta rubutu, mu uku muna tsaye ba mai kallon wani, haƙorana suna haɗuwa. Ina da damar in taka in same shi, taku ashirin ne bai fi ba. Ban taka ba. Ya dawo ya zuba kifin a leda, ya miƙa wa Mista Roja takarda, ya tafi ba tare da ya ba shi hannu ba.

Baba yana tsaye yana jiran hukuncinsa, sai ya ga takarda ta wuce shi ta tafi hannun mai ruwa. Ya tambaye ni me ake ciki. Na ce ya shiga mota kawai.

Ba a ƙara jifa ba ranar. Muka kwashe kaya daga masauki muka kamo hanya, dafa-dukar ko buɗe ta ba a yi ba. Mista Roja yana tuƙi da hannu biyu, ba rediyo ba magana. Sai da muka sauko daga duwatsu Baba ya yi magana, bai ma waiwayo ba, ya ce me na gaya wa mai kakin. Na gaya masa. Daga nan har Greensboro bai ƙara buɗe baki ba. Da aka sauke mu a ƙofar gida, ya zagaya ya kama hannun Mista Roja da hannu biyu, ya durƙusa har gwiwarsa ta kusa taɓa kwalta. Tsoho mai shekara saba'in, a wurin ajiye motoci, mutane suna wucewa da kayan cefane. Mista Roja ya ruɗe ya ɗago shi da sauri. Ni na tsaya riƙe da kula kamar gunki.

Tun zuwansa kwano ɗaya muke ci da Baba. Daga ranar ya ce in riƙa zuba masa nasa daban. Na zauna na yi masa bayani, Saratu, Rahila, shekara shida, abin da lauya ta ce. Ya saurara har na gama. Ya ce duk ya sani, shi ma yana so ya ga jikarsa a gaban ubanta kafin ya mutu.

"Amma da bakina ka yi ƙarya," in ji shi.

Na ce to mu je gidan Mista Roja tare, ya gaya masa abin da ke ransa.

"Da wane tafinta?"

A wurin aiki Mista Roja bai canza mini fuska ba. Yana gaishe ni, ina amsawa ina kallon ƙasa. Sai dai ɗan akwatin nan bai ƙara fitowa lokacin cin abinci ba. A bakin wani abokin aikinmu na ji cewa ƙungiyarsu ta ce ya dakata da koyarwa har kotu ta gama, kuma wasu a cikinsu har suna cewa wa ya sani ko ya daɗe yana kwasar kifi a ɓoye. Mutumin da ya sa na jiƙa hannu kafin in taɓa kifi! Sati uku ina jin wannan, ina da baki, ina da waya, na yi shiru ina jiran ranata. Na ji kunyar kaina, amma tsoro ya fi kunyar ƙarfi.

Ranar ta zo. Na sa kwat, na ɗaga hannu na yi rantsuwa, na amsa tambayoyinsu, fayil ɗina fes ba ko ɗigo. Aka ce na ci. Na kira Saratu daga cikin mota, ta yi guɗa ta koma kuka, Rahila tana tambaya ko gobe za su taho. Ba zan yi muku ƙarya ba, na yi murna har na yi hawaye. Kuma in da za a mayar da ni bakin kogin nan yau, ban isa in rantse muku cewa zan yi dabam ba.

Asabar ɗin da ta biyo na tafi Glenwood ni kaɗai. Na fi minti goma a mota kafin in iya fita. Ya buɗe ƙofa da kansa, muka tsaya a baranda. Na gaya masa na ci intabiyu, iyalina za su zo. Ya ce ya taya ni murna, kuma na ga har zuciyarsa ne. Sai na fara jero ban haƙurin da na kwana biyu ina haddacewa. Ban yi nisa ba ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

"Me babanka ya ce ranar nan?"

Na fassara masa, kalma bayan kalma, ban rage ko ɗaya ba. Na gaya masa yadda ake yi a wajenmu, manyan kifin farko, da kwandon mai masauki, da dalilin da ya sa ba a miƙawa a hannu. Ya jingina da ƙofa yana kallon titi. Can ya ce, da hannu ya kama su? Na ce da hannu. Ya girgiza kai, ya shafa gemunsa.

"Ka gaya wa babanka na karɓi kifin, kuma na gode," in ji shi. "Ka gaya masa daidai yadda na faɗa."

Na ce to. Na ɗan tsaya ko akwai abin da zai ce mini ni ma, amma ya riga ya juya ya shiga gida.